Daga gyaran harshe zuwa gyaran aji: aikin da ke jiran masu gyaran magana a makarantun Jambutu

Duk wanda ya bi ta gefen makarantar firamare a unguwar Jambutu da ke Yola da hantsi zai ji aji kafin ya gan shi. Malama ta faɗa, yara su amsa baki ɗaya, sautin ya tsallake katanga har bakin titi inda 'yan Keke Napep ke jiran fasinja. Haka ake yi a boko da safe, haka ake yi a Islamiyya da yamma.

Sai dai wannan amshi na taron dangi yana ɓoye wasu yara. Mai in'ina, idan muryarsa ta shige cikin ta 'yan ajinsu, harshensa kan saki ya tafi sumul, abin da masana suka daɗe da tabbatarwa. Wanda kunnensa bai ji sosai yakan kalli leɓen na kusa da shi ya motsa nasa. Wanda kuma yake ji garau amma maganar ba ta zauna masa a ka, ya haddace karin ya bi yarima a sha kiɗa. Ranar da aka ce ɗayansu ya miƙe shi kaɗai ya karanta, ranar asiri ke tonuwa. Abin da ke biyo baya yawanci dariya ce, ko bulala, ko a yanke hukunci cewa yaron daƙiƙi ne.

Akwai sana'a sukutum da aka gina domin irin waɗannan yara, wato ta masu gyaran magana da harshe. Ba allura suke yi ba, ba kuma ƙwaya suke rubutawa ba. Aikinsu shi ne su gano inda magana ta sarƙe wa mutum, a kunne ne, a baki ne, ko a fahimta, sannan su tsara atisayen da zai warware ta. A ƙasashen da sana'ar ta yi ƙarfi, aikin da suke yi a makarantu ya sauya kama ƙwarai cikin shekaru hamsin da suka wuce, kuma sabuwar kamar da ya ɗauka ta fi tsohuwar dacewa da unguwa irin Jambutu.

Daga ɗan ɗaki zuwa tsakiyar aji

A 1906 hukumar ilimi ta birnin Manchester a Ingila ta buɗe azuzuwa na musamman ga yara masu in'ina. A 1910 makarantun gwamnati na Chicago a Amurka suka ɗauki malaman gyaran furuci, a 1925 kuma aka kafa ƙungiyar da a yau ake kira ASHA, babbar uwar masu wannan sana'a a can. Tsarin farko mai sauƙi ne. Ma'aikaciya, don galibinsu mata ne, ta zo makaranta da jakarta, a ba ta ɗan ɗaki, ta riƙa kiran yara ɗai-ɗai ko uku-uku daga aji. Ta sa yaro gaban madubi ya maimaita harafin da ke ba shi wahala, bayan rabin awa ya koma. Malamin aji bai san me aka yi ba, ita ma ba ta san darasin da yaron ya rasa ba.

Doka ce ta fara rusa wannan tsari. A 1975 majalisar Amurka ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar duk yaro mai naƙasa tare da ba shi ilimi kyauta daidai da buƙatarsa, dokar da aka sake wa suna IDEA a 1990. Nan da nan yaran da a da suke zaune a gida suka shigo aji: masu galahanga, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni wajen haihuwa, waɗanda ba sa furta ko kalma ɗaya, har da masu wahalar haɗiyar abinci. Mai gyaran tsamin baki ta wayi gari tana haɗa allon hotuna da yaro zai riƙa nunawa don ya ce yana jin ƙishirwa.

Sauyi na biyu daga bincike ya fito. An gano cewa karatu a kan magana yake tsaye: yaron da ba ya iya jin cewa “kaza” da “kara” sun fara da sauti ɗaya, ko wanda kalmominsa ba su da yawa, shi ne zai sha wuya ranar da aka ɗora masa baƙaƙe. A 2001 ASHA ta ayyana karatu da rubutu a cikin aikin 'ya'yanta. Gyaran dokar IDEA na 2004 ya ba makarantu damar kashe har kashi 15 cikin 100 na kuɗin ilimi na musamman a kan yaran da suka fara ja da baya tun kafin a tabbatar suna da wata larura. Takardar da ASHA ta fitar a 2010 ta tattara sabon aikin: rigakafi, tantancewa, shiga aji tare da malami, horar da ma'aikata, da zama da iyaye.

Ingila ma ta bi wannan hanya bayan rahoton da ɗan majalisa John Bercow ya gabatar a 2008, wanda ya nuna cewa samun taimako ya dogara ne da unguwar da aka haifi yaro. Sabon tsarin bai zo da hutu ba. A Amurka, inda fiye da rabin masu sana'ar suke aiki a makarantu, ma'aikaci ɗaya kan riƙe yara wajen 50, ga tarurruka, ga tulin takardu, kuma kukan da ƙungiyarsu ke yi tun 2002 shi ne a daina ƙirga kawunan yara kawai, a ƙirga aikin da kowane yaro ke ci.

A Najeriya, sai an je asibiti

A nan gida sana'ar tana da rajista da doka. Hukumar MRTB, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, ita ke ba masu gyaran magana da masu auna ji lasisi, tare da masu gashin ƙashi. Suna da ƙungiyarsu, SPAAN. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana horar da su a sashenta na ilimi na musamman, Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo tana yaye malamai tun 1977, jami'o'in Jos da Bayero ma suna da sassan ilimi na musamman. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999.

Matsalar ita ce yawa da kuma wurin zama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan ji, na 2021, ya nuna cewa a cikin ƙasashe mafiya ƙarancin samu, kashi 17 cikin 100 ne kacal ke da mai gyaran magana ko da guda ɗaya ga mutum miliyan. 'Yan kaɗan da Najeriya ke da su sun taru a Legas, Ibadan da Abuja, a manyan asibitoci da makarantun kuɗi. Uban da ke sayar da kayan miya a Jimeta, idan ya damu da shirun ɗansa, hanyarsa ita ce sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Ƙwararru ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Idan aka tura shi gaba, sai tashar Jambutu, da kuɗin mota na mutum biyu, da na masauki. Ga shi gyaran magana ba aikin zuwa ɗaya ba ne. Atisaye ne na mako-mako, wata da watanni.

Ga kurame da makafi, jihar Adamawa tana da Cibiyar Ilimi na Musamman a Jada, can kudu a kan hanyar Ganye. Amma yawancin yaran da ake magana a kansu ba na makarantar musamman ba ne. Wani bincike da Courtenay Norbury da abokan aikinta suka wallafa a 2016, a kan yaran da ke shiga firamare a yankin Surrey na Ingila, ya gano kusan kashi 7.6 cikin 100 suna da larurar koyon harshe ba tare da wani sanannen dalili ba, wato yara biyu a ajin mutum 30. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan aji mai yara 80, irin wanda ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati na biranen Arewa, yara shida ke nan. Ba a sa masu in'ina ba, wadda kan taɓa kusan yaro biyar cikin ɗari a wani lokaci na ƙuruciya, ba a kuma sa masu raunin ji ba.

Unguwa ɗaya, harsuna barkatai

Jambutu ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, kuma tasha da kasuwa da noman rani na tafkin Geriyo sun tara mata mutane daga ko'ina. A benci guda za a iya samun ɗan Fulani, da 'yar Bachama, da ɗan Kilba, da Bahaushe, da 'yar Chamba. Lokacin da Boko Haram ta mamaye Madagali da Michika, sannan Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Yola. Akasarinsu ba su zauna a sansanonin Malkohi ko Damare ba, gidajen 'yan uwa suka shiga a cikin gari, da yaransu masu jin Margi da Higgi da Fali.

Yaron Jambutu yakan tashi da harshen gida, da Hausar layi, da Larabcin allo, da Turancin boko. A nan ne aikin mai gyaran magana ya fi laushi, domin dole ya raba bambanci da larura. Fulatanci ba shi da “ƙ” da “ts” da “z”, don haka yarinyar da ta ce “jo” maimakon “zo”, ko “kofa” maimakon “ƙofa”, lafiyarta ƙalau, bakin gidansu ne. Wanda ya ce “Mama ya tafi kasuwa” yana bin Hausar da ake yi a wurare da dama na Adamawa ne, inda ba a cika raba namiji da mace a jimla ba. Bahaushen da ke musanya “p” da “f” a Turanci shi ma haka. Duk gwajin da aka ɗauko daga Landan aka auna waɗannan yara da shi, zai mai da masu lafiya marasa lafiya.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce larurar gaskiya tana bayyana a duk harsunan yaro, har da na uwarsa. Shi ya sa tambayar farko ba ta aji ba ce, ta gida ce: yaya yake magana da kakarsa? Idan ya kama labari da Margi tiryan-tiryan amma ya yi gum a Turanci, lokaci da koyarwa yake buƙata. Idan a Margin ma ƙannensa sun wuce shi, to akwai abin dubawa. Bincike ya kuma wanke jin harsuna da yawa daga zargin jawo nauyin baki, don haka shawarar da wasu ke ba iyaye cewa su daina yi wa yaro yaren gida ba ta da tushe, tana ma raba shi da mutanen da suka fi kowa yi masa hira.

Manufar gwamnati a kan harshen koyarwa ba ta sauƙaƙa lamarin ba. An daɗe ana cewa a koyar da harshen uwa ko na yankin a shekaru uku na farko. A Nuwamban 2022 aka tsawaita zuwa shekaru shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari da komawa Turanci. Ko wanne aka bi, ɗimbin yaran Jambutu da harshen da ba na gidansu ba suke fara karatu.

A fara da kunne

Kafin a taɓa harshen yaro, kunnensa ake dubawa, kuma Arewa tana da dalilai na musamman. Yankin yana cikin zirin sanƙarau na Afirka. Annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma kurumta na cikin tabon da cutar ke bar wa waɗanda suka tashi. Ga ƙyanda, ga shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, ga kunne mai zubar ruwa da ake ɗiga wa man ja a bar shi, ga allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai a kemis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa.

Jambutu tana da nata tabon. Ranar 23 ga Oktoban 2015 bam ya tashi a sabon masallacin Juma'a na unguwar, mutum aƙalla 27 suka rasu, kuma ba a cika wata guda ba wani ya sake tashi a Jimeta ranar 17 ga Nuwamba. Ƙarar fashewa tana iya huda dodon kunne, firgici kuma yana iya sa yaro ya daina magana a gaban mutane alhali a ɗaka yana yi. Daga kujerar malami, shirun kurma da shirun firgici da shirun baƙon harshe duk kamarsu ɗaya, maganinsu kuwa daban-daban.

Akwai darasi daga Legas. Dakta Bolajoko Olusanya ta nuna cewa ma'aikatan lafiya na unguwa, da ɗan horo da ƙaramar na'ura, suna iya gwada jin jarirai ranar da aka kawo su rigakafin BCG, har da waɗanda aka haifa a gida. Ba sai an jira likitan kunne ya zauna a kowane asibitin sha-ka-tafi ba.

Idan kurumtar ta tabbata, nan ma aikin ya sauya. Taron malaman kurame na duniya da aka yi a Milan a 1880 ya kori maganar hannu daga makarantun kurame, aka shafe kusan ƙarni ana tilasta musu furuci, sai a 2010 taron Vancouver ya yi watsi da wancan ƙuduri a hukumance. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Najeriya ta samo asali daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kuma kurma, wanda ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Hausawa kuma suna da tasu tun da can, har da sarautar Sarkin Bebaye a Kano, kamar yadda Constanze Schmaling ta bayyana a littafinta na shekarar 2000. Mai gyaran magana na yau burinsa yaro ya samu harshe da wuri, na baki ne ko na hannu.

Wanzami, kaka da malamin tajwidi

Kafin yaro ya ga wani ƙwararre, ya riga ya bi ta hannaye da yawa. Kaka za ta ce a ƙyale shi, ubansa ma sai da ya yi wayo ya buɗe baki. Wani lokaci tana da gaskiya, domin mafi yawan yaran da suka fara in'ina tsakanin shekara biyu da biyar sukan daina. Amma akwai alamun da ba a jira a kansu: jaririn da ba ya waiwayar ƙara, ɗan shekara ɗaya da rabi da ba shi da kalma ko ɗaya, ɗan shekara biyu da ba ya haɗa kalmomi biyu, ɗan shekara huɗu da baƙo ba ya gane zancensa, ko yaron da ya fara magana sannan ta ɓace.

Wasu kuma wanzami suke kira ya yanke linzami ko ya cire belu. Linzami na iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba shi ke kawo in'ina ba, ba shi ke hana yaro fahimtar magana ba. Aska kuwa tana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Yaran da aka haifa da tsagewar leɓe ko ganɗa su ne ke buƙatar tiyata, wadda ƙungiyar Smile Train ke ɗaukar nauyinta kyauta a asibitoci da dama na ƙasar nan, kuma bayan ɗinki ma sai an koya musu fitar da iska ta baki maimakon hanci.

Unguwar tana da wata dukiya da littattafan Turawa ba su lissafa ba. Malamin tajwidi ya shekara yana koyar da mafitar haruffa: wanne ke fitowa daga maƙogwaro, wanne daga tsinin harshe, wanne daga leɓe. Kunnensa ya goge wajen kama furucin da ya kauce, kuma yana sauraron kowane ɗalibi shi kaɗai lokacin biya allo, abin da malamar aji mai yara 80 ba ta samu. Shi da malamar makarantar Lahadi a coci, wadda ita ma ke jin yara suna haddar ayoyi, suna cikin waɗanda za su fara lura. Abin da suke buƙata kaɗan ne: su san cewa mai in'ina ba a ƙarasa masa magana, ba a ce masa ya yi sauri ko ya nutsu, ba a kuma dukansa a kanta. A saurare shi har ya kai aya.

Ƙwararre ɗaya, malamai ɗari

Ko da za a yaye masu gyaran magana ɗari a bana a turo su Adamawa gaba ɗaya, tsarin ɗan ɗaki da madubi ba zai kai ga yaran jihar ba. Wanda zai kai shi ne wanda Ingila ta gwada da shirin NELI, da Charles Hulme da Margaret Snowling na Jami'ar Oxford suke cikin waɗanda suka tsara. Mataimakan malamai ne ke gudanar da shi, ba ƙwararru ba. Ana ware yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar da harshensu ya yi rauni, a yi makonni 20 ana koya musu kalmomi, sauraro da ba da labari a ƙananan rukunoni. Gwaji ya nuna sun samu ƙarin ci gaba na kimanin wata uku a kan takwarorinsu, kuma bayan rufe makarantu na korona a 2020 gwamnati ta kai shirin dubban makarantu. Ƙwararre a nan shi ne mai tsarawa, mai horarwa, mai zagayawa, sannan ya karɓi 'yan kaɗan da suka gagara.

Adamawa ta san irin wannan aiki. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta gudanar da shirin TELA, na koyar da karatu ta rediyo a lokacin gudun hijira, sannan shirin SENSE da ya horar da malaman firamare a Adamawa da Gombe daga 2019. A Bauchi da Sakkwato an yi Mu Karanta, wanda ya fara da sautukan Hausa kafin baƙaƙe. Waɗannan shirye-shirye sun riga sun koya wa malamai rabin aikin. Sauran rabin shi ne abin da za a yi da yaron da aka bi duk matakan amma bai motsa ba: a matso da shi gaba, a fuskance shi in ana magana, a gutsura masa umarni, a gwada kunnensa, a kira uwarsa a tambaye ta da harshenta. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jimeta, wadda ɗalibanta ke fita koyon aikin koyarwa a makarantun gari kowace shekara, wuri ne da za a iya cusa wannan horo tun daga tushe.

Ta fuskar doka ma ba a fara daga sifili ba. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun masu naƙasa. A rabon kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC akwai kashi 2 cikin 100 da aka keɓe wa ilimin masu buƙata ta musamman. Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar don gyara gine-ginen gwamnati ya cika tun Janairun 2024. Kwamitin iyaye da malamai na kowace makaranta a Jambutu yana da hurumin zuwa ofishin sakataren ilimi na Yola ta Arewa da tambayoyi uku: wane ne ma'aikacin da aka horar a makarantarsu, me aka koya masa game da ji da magana, kuma wane ƙwararre ne zai riƙa zuwa duba aikinsa a kowane zango.